Murhun da ke rataye saman Maraɗi

A azumin 2024, cikin makon nan da rediyo ya ce zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, wani Alhaji mai sayar da ƙanƙara ya turo mini kwanjilatarsa, wato firigon daskarar da ruwa, bisa amalanke da rana tsaka. Inji ya ƙone, don wuta tana zuwa tana ɗaukewa ba sallama. Ƙanƙara kuwa a kwanakin nan ta fi nama daraja a Maraɗi, kafin la'asar layin masu saye ya kai bakin titi. Ya zauna bisa benci yana fifita da hula, leɓensa ya bushe, ya ɗaga kai ya ga tukwanen gas jere a jikin bango, sai ya ce:

"Malam, ai ku ne kuka huda mana sama da gas ɗin nan naku. Yanzu rana ta samu ƙofa, ga shi tana zubo mana garwashi."

Ban yi masa musu ba. Ba a jayayya da mai azumi da ƙarfe biyu na rana. Ban da haka ma, ni kaina na yi shekaru ina faɗin wannan magana, har ina koya wa yaran shagona ita da ƙarfin gwiwa.

Na shiga gyaran firigo a 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, lokacin da sabon kaya ya gagari mutane kowa ya koma lallaɓa tsohonsa. Gas ɗin zamanin shi ne R12, mai farar tukunya. In aka kawo firigo, sai maigidana ya miƙo mini filaya, in datse bututu, gas ya yi tsiii ya fice, mu ɗan ja da baya mu ci gaba da hirarmu. Da shi muke busa bututu in ya toshe. Wani lokaci mu kifa tukunyar mu fesa wa kwalbar lemo, ta yi farin raɓa nan take, mu sha. Ba ya wari, ba ya kama wuta, ba ya sa tari. Wa zai ce abu mai ladabi haka yana da laifi?

Daga baya aka kira mu masu sana'ar sanyi wani taron ƙara wa juna sani, aka yi mana bayani da Faransanci, aka nuna mana hoton duniya da wani shuɗin tabo a gindinta, aka ce kada mu ƙara sakin gas a iska. Abin da na kwaso na dawo da shi gida shi ne: akwai rufi a sama, mun huda shi, rana tana shigowa ta hujin, zafi ya ƙaru. Duk wanda ya taɓa kwana ƙarƙashin kwano mai huji zai gane wannan cikin sauƙi, shi ya sa maganar ta zauna mini daram.

Ɗiyar ƙanwata ce ta rushe mini ita. Tana karatun kimiyya a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, takan biyo ta shago in ta taso. Ran nan ta tarar ina yi wa yara wannan karatu. Ba ta ce uffan ba sai da suka fita cin abinci, sannan ta ce, "Kawu, in kun yarda, akwai ɗan gyara a maganar nan." Ta jawo kwalin wani kwamfireso, ta karɓi alkalamin da ke bayan kunnena, ta ja layi daga ƙasa zuwa sama. Layin ya karkata hagu, ya tsaya, ya juyo dama, ya sake komawa hagu, kamar hanyar maciji a rairayi. Kwalin yana nan har yau, na kafe shi da ƙusa kusa da kalanda.

Ga abin da layin yake faɗi, yadda na fahimce shi bayan na yi ta juya shi, na kuma yi ta karance-karance da dare.

Iskar da ke kanmu kamar gidan bene take. Hawa na farko, wanda masana ke kira turoposfer, shi ne namu. Hadari, ƙura, hazo, guguwa, tsuntsaye, duk a nan suke. A wannan hawa, in kana tashi sama sanyi ƙaruwa yake yi, wajen digiri shida da rabi a kowace kilomita. Shi ya sa mutanen tsaunin Bagzan a Ayar, da suke zaune wajen kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu bisa teku, suke neman bargo a daren da mu muke kwana a tsakar gida. Wanda ya je aikin hajji kuma, in ya lura da allon da ke cikin jirgi, zai ga an rubuta sanyin waje ya kai wajen digiri 50 ƙasa da sifili, alhali jirgin bai wuce kilomita goma sha ɗaya ko sha biyu ba.

Dalili biyu ne. Hasken rana yana ratsa iska kusan ba tare da ya ɗumama ta ba, sai ya faɗo ƙasa ya gasa ta, ƙasar kuma ita ke ɗumama iskar da ke kanta. Wato murhun hawa na farko a ƙasa yake, kamar tukunya bisa wuta. Na biyun kuwa, duk mai faci ya san shi da hannunsa: in kana danna famfo yana matsa iska, jikin famfon zafi yake yi, in ka cire bawul iska ta fito ta baje, sanyi za ka ji a yatsa. Iskar da ta tashi sama nauyin da ke danne ta raguwa yake, sai ta baje, sai ta huce. A saman ƙasashe irin namu na kusa da tsakiyar duniya, wannan hucewa tana ci gaba har zuwa kilomita 16 ko 17, inda sanyi yake kaiwa wajen digiri 75 zuwa 80 ƙasa da sifili. Ka ji fa. Kwanjilatar Alhaji in ta yi ƙoƙari ƙwarai 18 ko 20 take kaiwa. Tsakanin Maraɗi da wannan sanyi bai kai nisan Maraɗi zuwa Madarunfa ba, sai dai hanyar a tsaye take.

Hankali zai ce sanyin ya ci gaba har abada. Haka masana ma suka zata, har wani Bafaranshe, Léon Teisserenc de Bort, ya yi ta sakin balan-balan ɗauke da ma'aunin zafi daga Trappes kusa da Paris. Ya ga in sun kai wani tsayi sanyin ya daina ƙaruwa. Da farko ya zargi kayan aikinsa, ya ce ko rana ce ke dukan ma'aunin, sai ya koma saki da dare. Sai da ya saki fiye da ɗari biyu kafin ya fito ya faɗa a 1902. Ina son mutumin nan, don haka mai gyara na ƙwarai yake: agogon gas ya nuna maka abin da ba ka zata ba, ka fara tuhumar agogon tukuna. Wani Bajamushe, Richard Assmann, shi ma ya gano haka a shekarar. Teisserenc de Bort ne ya raɗa wa hawa na biyun suna sitiratosfer.

A hawa na biyu lissafi juyawa yake. Kana hawa, ɗumi yana ƙaruwa, daga wancan mugun sanyi har ka iso wajen kilomita 50, inda ma'auni yake dawowa dab da sifili. Ƙarin digiri saba'in da wani abu ke nan, a wurin da babu ƙasa, babu dutse, babu kwalta da za ta riƙe zafi. To wa ya hura wuta a can?

Ozon ne. Iskar oksijin da muke shaƙa ƙwayoyin zarra biyu ne a manne. Ozon kuwa uku ne. Bambancin ke nan kawai, amma ya isa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai walda da lantarki, ko kusa da tsohon injin fotokofi, ya ji wani wari mai kaifi kamar na ruwan jabel, ya shaƙi ozon. Daga warin ma ya samu sunansa: Christian Schönbein ne ya ba shi sunan wajen 1840, daga kalmar Girkanci mai nufin sansana. Kada a haɗa shi da ƙamshin ƙasa na ruwan farko, wannan daga turɓaya yake fitowa. A 1913 Faransawa biyu, Charles Fabry da Henri Buisson, suka tabbatar akwai tarin ozon can sama, a 1930 kuma Baturen Ingila Sydney Chapman ya bayyana yadda yake samuwa.

Cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, mai ƙona fata da lalata ido, ana ce masa UV. Mafi kaifinsa in ya daki oksijin mai ƙwaya biyu, sai ya raba su. Kowace ƙwaya da ta rabu ba ta iya zaman gwauranci, sai ta je ta liƙe wa wasu biyun, su zama uku. Ozon ya samu. Shi kuma ozon ɗin yana haɗiye wani kason na UV, ya fashe, ƙwaya guda ta fice da gudu, nan da nan ta sake manne wa wasu biyu. Kowane zagaye, ƙarfin hasken da aka haɗiye yana komawa zafi a cikin iskar wurin. Da ɗiyata ta kawo nan sai na ce mata tsaya, ai wannan aikina ne. Gas ɗin firigo ma haka yake zagayawa daga kwamfireso zuwa ragar baya zuwa cikin akwati ya dawo, ba ya ƙarewa, aikinsa kawai yake yi da zafi. Ta yi dariya ta ce, "To Kawu, kun riga ni."

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin. Kashi 90 cikin ɗari na ozon ɗin duniya yana hawa na biyu, ya fi taruwa tsakanin kilomita 15 da 35. Amma da za a tattaro shi duka a sauko da shi nan ƙasa a matse shi da nauyin iskarmu, kaurinsa ba zai wuce milimita uku ba. Tsabar kuɗi guda biyu in ka ɗora su, kusan ke nan. Masana suna auna shi da ma'aunin Dobson, sunan wani malamin Oxford da ya ƙera na'urar auna shi tun shekarun 1920, milimita ukun nan su ne 300 a ma'aunin. Ashe rufin da nake ta ba yara labari bai kai kaurin tafin silifas ba, kuma a warwatse yake cikin kilomita ashirin na iska.

Na tambaye ta: in ozon ya fi yawa a wajen kilomita ashirin da wani abu, me ya sa ɗumin ya fi ƙarfi a hamsin? Ta ce na saman su ke fara tarbar hasken da ƙarfinsa, kafin ya sauko ƙasa an riga an tatse shi. Sannan iskar can sama shara-shara ce, nauyinta kamar kashi ɗaya cikin dubu na tamu. Ruwan cokali da ruwan randa, in ka kai su rana, ka san wanda zai riga ɗumi. Daga kilomita hamsin zuwa sama kuma ozon ya ƙaranta, sanyi ya dawo, har ya kai wajen digiri 90 ƙasa da sifili a kusan kilomita 85. Shi ne lanƙwasa ta uku a jikin kwalina.

Nan ne na daɗe ina tunani, don abin yana da alaƙa da ruwan da muke roƙo kowace shekara.

Buɗe firigo na tsaye ba takalmi, za ka ji sanyi ya zubo bisa ƙafarka. Buɗe kwanjilata ta kwance, ka bar murfin a ɗage, sanyin yana nan kwance a ciki ba ya fitowa. Iska mai sanyi nauyi gare ta, mai ɗumi kuwa shawagi take yi a kanta, in suka jeru haka babu mai motsa wani. Shi ya sa nake ce wa masu ƙanƙara su sayi ta kwance. To hawa na biyu kwanjilata ce ta kwance: sanyi a ƙasa, ɗumi a sama, iska a shimfiɗe ba ta juyawa. Hawa na farko kuwa tukunyar fura ce da ake damawa, zafi a ƙasa sanyi a sama, kullum cikin birkicewa.

Da damina, fita bayan gari wajen hanyar Dan Isa da yamma ka dubi gabas in hadari ya taso. Za ka ga gajimaren yana toho yana hawa kamar hayaƙin gobara, kansa yana kumbura, sai ya kai wani tsayi ya tsaya cak, ya baje gefe da gefe, samansa a shafe kamar uwar maƙera. Tun ina yaro nake ganin wannan ban taɓa tambayar dalili ba. Iskar da ke ɗauke da hadarin tana hawa ne muddin ta fi ta kewayenta ɗumi. Da ta iso inda ɗumin ozon ya fara, sai ta tarar ta saman ta fi ta, ba sauran hanya, sai ta bazu. Wannan shafaffen kai shi ne silin ɗin hawa na farko, kana ganinsa da idonka daga Maraɗi. Ƙaramin misalinsa kuma yana nan da safiyar hunturu, lokacin da hayaƙin masu ƙosai da na gidajen burodi yake tashi kaɗan ya kwanta a miƙe bisa kwarin gulbi kamar an shimfiɗa zane. Ƙasa ta kwana tana hucewa, iskar da ke kanta ta fi ta sama sanyi, hayaƙi ya rasa hanyar hawa sai rana ta ɗaga.

Akwai wani amfani kuma da silin ɗin nan yake yi. Duk iskar da za ta shiga hawa na biyu sai ta ratsa wancan sanyi na digiri 80 ƙasa da sifili, a nan kusan duk tururin ruwan da ke cikinta yake daskarewa ya faɗo. Shi ya sa hawa na biyu a bushe yake ƙayau, ruwan duniya kuma yana tsare a ƙasa inda ake bukatarsa.

Yanzu mu dawo kan huji da zargin Alhaji.

Hujin gaskiya ne, laifin gas ɗinmu ma gaskiya ne. A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka yi gargaɗi cewa gas irin su R12, da ake kira CFC, ladabinsu shi ne sharrinsu. Ba sa narkewa a ruwan sama, ba sa haɗuwa da komai, sai su yi ta yawo shekaru har iska ta kai su hawa na biyu. Yarana sukan ce ai R12 ya fi iska nauyi, yaya zai hau? Ƙurar Bodele ma ta fi iska nauyi, amma tana ƙetare teku. Kuma ƙofar shiga hawa na biyun a saman ƙasashe masu zafi irin namu take, inda manyan hadura ke cilla iska sama. In gas ɗin ya isa can, UV ya fasa shi, sinadarin kulorin da ke ciki ya kuɓuce, ƙwaya guda tana iya rusa ƙullin ozon har dubu ɗari kafin ta bar wurin. A 1985 Joe Farman da abokan aikinsa biyu, ƴan Ingila da ke auna sama a tashar Halley ta Antaktika, suka bayyana cewa ozon ɗin wurin ya zube ƙwarai. A ranar 16 ga Satumba 1987 aka sa hannu kan yarjejeniyar Montreal, wadda daga baya duk ƙasashen duniya suka shiga, har da Nijar. Molina da Rowland da Paul Crutzen suka samu kyautar Nobel a 1995, lokacin ni kuwa ina nan ina datse bututu ina sanyaya lemo.

Amma ina hujin yake? Can ƙarshen kudancin duniya, saman nahiyar ƙanƙara, yana buɗewa ne a watannin Satumba da Oktoba. Sanyi ne ke jawo shi. A dogon daren hunturun wurin hawa na biyu yana hucewa ya wuce digiri 78 ƙasa da sifili, wasu gizagizai na musamman su samu, a jikinsu kulorin yake shirya kansa, rana tana dawowa ya afka wa ozon. A samanmu kuwa, mu da ke wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, ozon bai ragu sosai ba. Dama can namu ya ɗan fi na Turai sirantaka, duk da a samanmu aka fi ƙera shi, don iska tana kwashe shi ta kai arewa da kudu. Kamar gujiyarmu ta da, wato gyaɗa a bakin Kanawa: a nan ake nomawa, a wani wuri ake tarawa.

Sannan in ozon ya ragu, murhun hawa na biyu ne ya rasa itace, sai hawan ya ƙara sanyi. Haka aka auna a saman Antaktika, har sanyin ya ƙarfafa iskar yamma da ke kewaya nahiyar. Hasken UV da ya samu wucewa kuwa ɗan kaso ne ƙalilan na ƙarfin rana. Ya isa ya jawo ciwon dajin fata da yanar ido, ya cuci tsiro, amma bai isa ya dafa gari ba. Da masana suka haɗa lissafin, sun ga raguwar ozon na sama ɗan sanyaya ƙasa ma ta yi kaɗan, don ozon yana cikin masu mayar wa ƙasa da zafinta.

Zafin da ke ƙaruwa, wajen digiri 1.1 a duniya baki ɗaya tsakanin 2011 da 2020 in aka gwada da ƙarshen ƙarni na 19, daga wata ƙofa yake. Hayaƙin kabon na fetur da gawayin ƙasa da gas ɗin ƙonawa, da iskar metan, su ne ke tare zafin da ƙasa ke mayarwa sama. Tsofaffinmu sukan ce rana ce ta sauko. Da rana ce ta ƙara wuta, da duk hawa biyun sun ɗumama tare. Abin da ake aunawa kuwa shi ne ƙasa tana zafi, hawa na biyu yana sanyi. Syukuro Manabe, haifaffen Japan, ya lissafa tun 1967 cewa haka ƙarin kabon zai yi, sai a 2021 aka ba shi Nobel yana ɗan shekara 90. Ni da na naɗe bututu da soso sau dubbai ban sha wahalar gane wannan ba: in ka lulluɓe abu mai zafi, ciki ya ƙara zafi, bayan lulluɓin ya huce.

Da na ji haka sai na saki ajiyar zuciya, na ce ashe hannuna ba ya cikin zafin Maraɗi. Ɗiyata ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, ban ce haka ba fa."

R12 mai laifi biyu ne. Ban da cin ozon, shi kansa yana tare zafi, kilo guda nasa ya fi kilo dubu goma na hayaƙin kabon aiki in aka lissafa shekara ɗari. Firigon gida yakan ci wajen giram 150. Wato kowane tsiii ɗin nan da nake yi da filaya daidai yake da tan ɗaya da rabi na kabon, kamar ka ƙona lita ɗari shida da wani abu na fetur. Kuma R12 yana kai wajen shekara ɗari a sama. Mafi yawan wanda na saki ina saurayi yana nan yana yawo, wani kasonsa kuma zai ga ƙarni mai zuwa. Na zauna na fara ƙirga firigon da suka bi ta hannuna daga 1994 zuwa lokacin da muka daina, sai na bari. Ashe Alhaji ya kama ɓarawo, ƙofar da ya ce ta nan aka shiga ce ba ita ba.

R134a da aka kawo mana a madadinsa, mai tukunya shuɗiya, ba ya taɓa ozon, amma ya fi kabon tare zafi sau dubu da ɗoriya. Shi ya sa aka koma Kigali a Oktoban 2016 aka yi wa yarjejeniyar ƙari don a rage irinsa, ana fatan hakan zai kare duniya daga ƙarin zafi har kusan rabin digiri nan da 2100. R22 na tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki, mai koriyar tukunya, wa'adinsa a ƙasashe irin namu 2030. Sababbin firigo yanzu R600a suke sha, shi ba ya cin ozon, tare zafinsa kuma bai taka kara ya karya ba, sai dai yana kama wuta, dole ka kashe sigari ka buɗe ƙofa kafin ka taɓa shi. A ganina wannan ciniki ne mai kyau. Haɗarin da kake gani a gabanka ya fi sauƙin kiyayewa. Ozon na sama kuwa yana farfaɗowa a hankali, masana sun ce zai koma yadda yake a 1980 wajen 2040 a mafi yawan duniya, a Antaktika sai wajen 2066.

Saura ozon na ƙasa, kashi goman nan da ke hawa na farko tare da mu. Shi ba a sakinsa daga tukunya. Hayaƙin kabu-kabu da motoci da gurup, wato janareta, da na ƙona daji da shara, su ke haɗuwa rana ta dafa su ya fito. A nan babu wani UV mai kaifi da ya rage masa ya tare, sai ya koma tare zafin da ƙasa ke fitarwa, har shi ne na uku wajen ɗumama duniya bayan kabon da metan. Yana ƙona huhu, yana ƙona ganyen shuka, wake da gujiya da alkama suna cikin masu jin jiki. Abin da ya ba ni dariya, a wani binciken damina na Afirka ta Yamma mai suna AMMA da aka yi a 2006, wanda aka saki balan-balan daga Yamai da Damagaram, an ga cewa busasshiyar ƙasar Sahel kanta in ruwa ya jiƙa ta tana fitar da iskar da ke haifar da ozon. Shi na ƙasan kwanakinsa ƴan makonni ne, in hayaƙi ya ragu yana raguwa da wuri.

Alhaji ya dawo bayan sallar isha'i ɗaukar kayansa. Ya sha ruwa, ya dawo hayyacinsa, na zuba masa shayi na nuna masa kwalin. Ya bi layin da yatsa har sama, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "To Malam, wannan sanyin na kilomita goma sha bakwai, ba yadda za a ja mana bututu daga can?" Muka yi dariya, ya rage mini jika biyu a kuɗin aiki, ya tafi.

Har yanzu jefi-jefi tsohon firigo mai R12 yakan faɗo shago, irin waɗanda suka shigo tun zamanin kwantena, ƙarfensu kamar na tankin yaƙi. Yanzu ba ma datsewa. Na koya wa yara su ɗaura injin zuƙa, su janye gas ɗin zuwa tukunya, su rufe bawul, su gwada da ruwan kumfa ko yana yoyo. Tukwane uku ke nan na cika, suna bayan shago ƙarƙashin buhu don kada rana ta dake su. Na tambayi inda ake kai su a lalata, an ce in jira za a zo karɓa. Ta farkon, da alli na rubuta mata shekara a jiki, sau biyu ke nan ina sake bin rubutun don yana gogewa.